Famfon feshi ma'auni ne, a zaɓe shi kamar yadda ake zaɓen mudu

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo damina ba ta daɗewa. Daga Yuni zuwa Satumba an gama magana, wanda ya samu ya samu, wanda ya rasa sai ya jira baɗi ko ya gangara fadama noman rani. A cikin wannan ɗan lokaci ma, makonni huɗu zuwa shida na farko bayan tsiro su ne ke yanke hukuncin abin da zai shiga rumbu, domin a nan ne gero da dawa da shinkafa ke kokawa da harƙiya da gude-gude da ƙarangiya a kan ɗan ruwa da ɗan takin da ke ƙasa. Duk manomin da ciyawa ta riga shi a waɗannan makonni, ko ya yi noma daga baya, shukarsa ba ta cika murmurewa ba.

Mu da muka tashi a wannan yanki mun tarar da amsar da iyayenmu ke ba ciyawa, wato kalme da galma da 'ya'yan gandu, idan kuma aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya, a dama fura, makaɗa su zo, a kwashe gonar kafin la'asar. Yau idan mutum ya tsaya a bakin hanyar gona da sassafe, abin da zai fi gani shi ne saurayi da tanki goye a baya kamar jinjiri, hannu ɗaya na bugun famfo, ɗayan na riƙe da sandar feshi. Dalilan wannan sauyi a fili suke. Gandu ya watse a gidaje da yawa, samari na tafiya cin rani Legas da Abuja da Fatakwal, wasu ba sa dawowa sai damina ta yi nisa. Kuɗin ƙwadago ya hau, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo. Sai kuma babban dalilin da duk mutumin gabashin Sakkwato ya sani, wato rashin tsaro. Ba mu manta da harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ba, inda aka kashe fiye da mutum 40. Manomin da ke shiga gonar nesa, ido ɗaya a kan shuka ɗaya a kan daji, ba shi da mako guda na duƙawa. So yake ya gama ya fito kafin rana ta ɗaga. Aikin da zai ci kwanaki da kalme, famfo na iya gama shi a safiya ɗaya ko biyu. Saboda haka ban zo da wa'azin a koma wa kalme ba. Famfon feshi ya zo ya zauna, abin da ya dame ni shi ne yadda muke zaɓensa.

Na sha tsayawa a rumfunan masu sayar da kayan gona, a kasuwar Achida da cikin birnin Sakkwato, ina sauraren ciniki. Tambayoyi biyu ne kusan kullum: “Nawa ne?” da “Lita nawa yake ci?” Da an amsa sai a shiga tayi. Waɗannan tambayoyin mai sayen bokiti ne. Aikin famfon feshi kuwa shi ne ya ɗauki ɗan maganin da bai wuce lita uku ko huɗu ba, ya raba shi daidai wa daida a kan hekta guda, wato murabba'in mita 10,000, ta yadda kowane taƙi zai samu rabonsa ba ƙari ba ragi. Abin da ke yin irin wannan aiki sunansa ma'auni. Babu wanda zai yarda a auna masa gero da mudun da aka bubbuge gindinsa, amma ga mu muna auna guba a kan abincinmu da kayan da ba mu taɓa tambayar ko awonsu daidai ne ba. Idan famfo ya zuba ƙasa da ƙima, ciyawa ta yi ɗan suma ta farfaɗo, kuɗi ya tafi a banza. Idan ya zuba fiye da ƙima, shuka ta ƙone ko ta tsumbure, ragowar kuma ruwan sama ya wanke shi zuwa gulbi.

Sanin asalin wannan na'ura zai taimaka a gane inda gizo ke saƙar. A ƙasar Faransa ta fara yaɗuwa a shekarun 1880, lokacin da wata cutar fumfuna ta addabi gonakin inabi, aka kuma gano cewa haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa na maganinta. Wani mai masana'anta, Victor Vermorel, ya ƙera famfon goyo da ya sa wa suna Éclair, wanda ya bazu a gonakin Turai. Abin da manomin inabi ke so shi ne ruwan magani ya tashi kamar hazo ya lulluɓe ganye ciki da baya. Magungunan ciyawa na zamani daga baya suka zo: 2,4-D a shekarun 1940, farakwat a 1962 da sunan Gramoxone, gilifoset a 1974 da sunan Roundup. Su kuma kishiyar hazo suke buƙata, wato ɗigo masu ɗan kauri da za su sauka inda aka nufa su tsaya. Tanki ɗaya ne amma aikin biyu ne, kuma abin da ke raba su wani ɗan abu ne da bai kai kan yatsa ba.

Wannan ɗan abu shi ne bakin feshi, wanda 'yan kasuwa ke kira nozil. Iri uku ne suka fi yawa a wurinmu. Akwai mai fitar da ruwa a zagaye kamar mazurarin da aka kifa, wanda galibi ake murɗawa a ƙara ko a rage. Wannan na ƙwari ne da cututtukan ganye, shi ne na tsutsar wake da ƙwarin tumatir. Akwai mai fitar da ruwa a baje kamar mafici. Akwai kuma wanda ruwan ke fitowa ya bugi wani ɗan leɓe ya bazu da faɗi, ɗigonsa manya. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne na ciyawa. Da yawa daga famfunan da ke kasuwa, ɗan mazurarin ne a ɗaure a kan sanda, sauran kuma, in ma akwai su, suna cikin wata 'yar leda a ƙasan tanki, wadda yara kan ɗauke su yi wasa da ita. Manomi ya ga hazo na tashi ya ji daɗi, a ganinsa ya samu famfo mai ƙarfi, alhali kuɗinsa ne ke bin iska. Shi bakin feshi kuma yana cinyewa kamar yadda kalme ke cinyewa. Ƙofarsa na buɗewa a hankali har ya riƙa zubar da fiye da abin da aka ƙera shi a kai. Mai tsokane shi da ƙusa ko waya idan ya toshe yana gaggauta wannan lalacewa ne, mai hura shi da baki kuwa guba yake sumbata. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa, kuma sauya shi kowace shekara bai kai kuɗin kwalbar magani ɗaya ba.

Inda iskar ke kai hazon shi ne abin tsoro. A tudu gonaki na da ɗan faɗi, amma a fadamar Wurno da filayen ban-ruwa na ƙasan madatsar Goronyo, fangalin wani na jingine da na wani, kunya ɗaya ce ta raba shinkafar wannan da tumatir ko tattasan wancan. Maganin 2,4-D da mai shinkafa ke amfani da shi don kashe ciyawa mai faɗin ganye bai san bambancin ciyawa da tumatir ba. Ɗan abin da iska ta ɗauka ya isa ya sa ganye ya murɗe ya ƙanƙance, fure ya zube. Na taɓa zama a zauren wani maigari ana sulhu a kan irin wannan. Dattawa biyu ne, maƙwabtan gona tun suna samari, har da auratayya tsakanin gidajensu. Mai tumatir na cewa da gangan aka yi masa, mai shinkafa kuma na cewa, “Ranka ya daɗe, wallahi ban taka iyakarsa ba.” Gaskiyarsa ce, bai taka ba. Da aka kawo famfon aka duba sai aka tarar bakin ƙwari ne a kansa, yaron da ya yi feshin kuma ya ce sai da hantsi ya yi, iska ta taso, sannan ya kai wannan gefen. Maigari ya dubi mai shinkafa ya ce, “Malam, kai ba ka tsallaka ba, amma maganinka ya tsallaka.” An yi sulhu, an biya abin da aka biya, amma an ɗauki lokaci kafin gaisuwarsu ta koma yadda take.

Bayan baki sai ƙarfin bugu. Duk yadda aka ƙara matsa ruwa haka ɗigonsa ke ƙara ƙanƙancewa, saboda haka maganin ciyawa na son matsi kaɗan wanda ba ya hawa da sauka. Famfunan da aka ƙera da tunani suna da wurin saita wannan. Irin na Cooper Pegler da manoman Arewa suka daɗe da sani, wato CP3 mai lita 20 da CP15 mai lita 15, suna da saiti biyu a cikin tanki, na ƙasa don ciyawa, na sama don ƙwari. Wanda ba shi da saiti, hannun mai bugu ne saitinsa, hannun ɗan Adam kuwa da asuba daban, da hantsi daban. Famfon batir da ya shigo da ƙarfi a 'yan shekarun nan yana hutar da hannu, kuma bugunsa ba ya sauyawa muddin akwai caji. Sai dai mai saye ya fara tambayar kansa inda zai riƙa caji a ƙauyen da wutar lantarki ba ta zuwa, ya kuma san cewa batir na mutuwa idan aka jingine shi watanni ba caji. Da yawa daga cikinsu kuma suna bugawa da ƙarfin da ya wuce buƙatar ciyawa, sai an rage da maɓalli. Wanda ya haɗa batir da hannun bugu ya fi ba da kwanciyar hankali, don ba zai bar mutum a tsakiyar gona da rabin tanki ba. Shi kuwa injin goyo mai shan fetur, mai hura iska, a bar shi ga bishiyoyi. Ba na ciyawa ba ne sam.

Sai ruwan da za a zuba. Da damina ruwan gulbin Rima da na kududdufai cike yake da laka. Gilifoset da farakwat duka suna manne wa ƙwayoyin laka, da sun manne kuma sun daina aiki, wannan ne ma ya sa ba sa hana wata ciyawar tsirowa bayan sun taɓa ƙasa. Manomin da ya ɗebi ruwan kududdufi ya haɗa magani ya riga ya kashe wani kaso na maganinsa tun a cikin tanki, daga baya ya ce jabu aka sayar masa. Jabu na nan a kasuwa, babu musu, amma ba kowane rashin ci ne laifin kwalba ba. Ruwan rijiya ya fi, in kuma babu sai na gulbi, a ɗebe shi tun dare a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle. Yashin da ke cikin ruwa kuma shi ne ajalin famfo. Cikin famfo iri biyu ne: akwai mai fistin, akwai mai tantanin roba da ke motsi kamar zugazugin maƙera. Mai fistin ya fi ba da ƙarfi, amma yashi na cinye zoben robarsa da sauri. Mai tantani ya fi jure ruwa mai datti da magungunan gari, don haka ga mai noman fadama wanda ciyawa ce damuwarsa, shi ya fi dacewa. Kowanne aka zaɓa, a tabbata akwai rariya a bakin tanki da wata a cikin mariƙin sanda.

Tambayar nan ta lita nawa ma tana da wata fuskar da ba a cika dubawa ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 20 idan ya cika, a haɗa da nauyin kansa, ya doshi kilo 25, rabin buhun takin zamani ke nan. Idan faɗin feshin mita ɗaya ne, kafin a gama hekta guda an yi tafiyar kilomita 10 a cikin kunyoyi ko taɓo, ban da zirga-zirgar ɗebo ruwa. Mai sayen famfo kuwa sau da yawa ba shi ne mai goya shi ba. Maigida ne ke biya, ɗansa ko ɗan ƙanensa ko ɗan ƙwadago ne ke ɗauka. Tanki mai lita 15 ko 16 zai sa a ƙara cikawa sau uku ko huɗu a hekta, amma mai ɗauka zai iya riƙe takunsa daidai har ƙarshen gona, taku daidai kuwa shi ne rabin awo, domin wanda ya gaji ya rage sauri ya ƙara yawan maganin da ke sauka ba tare da ya sani ba. A duba maɗauran kafaɗa su zama masu faɗi da taushi, bayan tankin ya bi lanƙwasar gadon baya, hannun bugu kuma ya zama ana iya mayar da shi dama ko hagu. Ƙaramin yaro kuwa bai kamata a goya masa wannan kaya ba ko da ba komai a ciki sai ruwa.

Abin da na fi ba muhimmanci a duk wannan zance shi ne yoyo. Wani ɗan 'yar'uwata ya taɓa karɓar aikin feshi a gonar wani mutum, da famfon mai gonar. Murfin tankin ba ya rufuwa sosai, duk takun da ya yi sai ruwa ya fantsalo ya gangaro masa a baya. Ya ɗauka gumi ne, ya ci gaba har azahar da jiƙaƙƙiyar riga. Bayan kwana biyu bayansa ya tashi kamar an watsa masa ruwan zafi, sai da aka kai shi asibiti a Sakkwato, kuma sauran daminar a kwance ya yi ta a rigingine ba ya iyawa. Kuɗin aikin da aka biya shi bai kai na magani ba. Allah Ya sa abin ya tsaya a fata. Ya kamata mai karatu ya san cewa farakwat, wanda manoma ke ƙauna saboda yana ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba shi da makari. Kurɓa ɗaya na iya kashe babban mutum. Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Najeriya daga farkon 2024. Sauran magungunan da ba su kai shi haɗari ba, su ma ba ruwan wanka ba ne. Na san zafin ƙasarmu ba ya barin mutum ya rufe jiki ruf kamar yadda ake zanawa a jikin kwalba, amma riga mai dogon hannu da dogon wando da takalmin roba da safar hannu, da buhun leda da za a sa tsakanin baya da tanki, ba su fi ƙarfin kowa ba. Ba a cin goro ko shan fura ana cikin feshi, kuma sai an wanke jiki da sabulu kafin a kusanci akushi. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma gida ta zama ta man gyaɗa.

Yoyo kuwa ana gane shi tun a kasuwa, in mutum ya nace. Da muka je sayen famfon gidanmu ni da ƙanena, na ce wa mai rumfar, “Alhaji, a taimaka mana da ruwa mu gwada.” Ya ce, “Haba Malam, sabo ne fa a kwali, me za a gwada?” Na ce masa ko sabuwar fitila ai sai an kunna ake biya. Ya yi dariya ya aiki yaronsa ya ɗebo. Gwajin ba shi da wuya. A cika tanki, a rufe murfi, a girgiza shi, a karkata shi dama da hagu a ga ko zai zubo. A buga har ya yi tauri, a tsaya ba tare da an danna kunama ba, a bi mahaɗar tiyo da mariƙi da gindin tanki da hannu a ji ko akwai lema. Sannan a fesa a busasshiyar ƙasa a ga ko layin ya jiƙu daidai daga gefe zuwa gefe, a saki kunama a ga ko ruwan ya tsaya nan take ko yana ci gaba da ɗiga. Tambaya ta ƙarshe ita ce ta kayan gyara: idan zoben roba ko tantani ko kunama ya lalace a tsakiyar watan Yuli, akwai shi a wannan rumfa? Famfon da ba a samun kayansa na shekara ɗaya ne, komai kyan fentinsa. Akwai na Jacto daga Burazil, akwai iri-iri daga ƙasar Sin, masu kyau da marasa kyau, akwai kuma masu satar sunan wasu su manna, don haka rubutun jikin tanki bai isa hujja ba. A taɓa kaurin robar, domin zafin bazararmu da ke wuce digiri 40 ba ya raga wa siririyar roba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, wanda ya sayi mai araha sau uku a shekara uku ya biya kuɗin mai tsada bai mallake shi ba.

Da an kai famfo gida, kafin a buɗe kwalbar magani, akwai wani aikin rabin sa'a da ke mayar da shi ma'auni na gaskiya. A auna fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 a cikin gonar. A zuba ruwa zalla wanda aka san yawansa, wanda zai yi feshin ya fesa filin da takun da zai iya riƙewa duk safiya, sannan a auna abin da ya rage. Idan lita 2 ta tafi, a ninka sau 100, ke nan hekta za ta ci lita 200, wato cikawa 10 na tanki mai lita 20. Idan takardar jikin kwalba ta ce lita 4 a hekta, to kowane tanki mililita 400 zai samu. In aka sauya mai feshi ko aka sauya baki, sai a sake gwajin. Abin da ake yi yanzu kuwa shi ne dokar gwangwanin madara. Maƙwabci ya ce gwangwani biyu yake zubawa a tanki, kowa ya bi, ba a tambayi girman tankinsa ba, ba a tambayi ƙarfin maganinsa ba, ba a kuma tambayi saurin tafiyar yaronsa ba. Wannan lissafi bai wuce na ajin ƙarshe na firamare ba. Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran kwalejoji da ke komawa gida hutu, da za su ɗauki igiyar awo su raka iyayensu gona safiya ɗaya, da sun mayar wa gida wani abu daga kuɗin makarantar da aka kashe musu.

Akwai kuma batun raba aiki. Maganin ciyawa, musamman 2,4-D, yana maƙalewa a jikin roba da cikin tiyo. Mutum ya fesa wa shinkafarsa yau, gobe ya ɗauraye tanki sama-sama ya zuba maganin ƙwari ya nufi wake ko tumatir, bayan mako ya ga ganye na murɗewa ya fara zargin sammu. Mai hali ya mallaki famfo biyu, ya shafa wa na ciyawa jan fenti yadda ko yaro zai gane. Marasa hali, maƙwabta uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi biyu su riƙa karɓa-karɓa, wannan ma ai wata gayyar ce. Wanda dole sai ɗaya zai yi amfani da shi, ya wanke sau uku da garin sabulu, yana fesar da ruwan ta cikin sanda, a fili mai nisa da rijiya da magudanar ban-ruwa. Mai ɗaukar haya kuwa ya tuna kayan aro ba ya rufe katara. Bai san abin da aka zuba a ciki jiya ba, don haka wanki ne aikinsa na farko.

Duk da wannan, famfo mafi kyau ma yana da iyakarsa. Gonar tudu a wurinmu gauraye take, gero da wake da yakuwa a kunya ɗaya, kuma maganin da zai bar gero yana iya kashe wake. Ƙuduji ya gama shan jinin gero a ƙarƙashin ƙasa tun kafin ya fito da jan furensa, maganinsa takin gida ne da sauya shuka da tuge shi kafin ya zubar da iri. Sannan ba duk abin da ya tsiro ba a shuka shi ba ne abokin gaba. Tafasa da lalo da gasaya da yaɗiya su ne ke riƙe gidaje da yawa a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Wanda ya bi gefen gona da bakin hanya ya ƙone komai ya taɓa tukunyar matan gidansa da ta maƙwabta. Ciyawar da aka fesa kuma ya kamata a sanar da masu yankan ciyawa da makiyaya, kada wata rigimar ta taso daga inda ba a zata ba.

Akwai rabon hukuma a cikin wannan al'amari. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ruwanta ne ke gangarowa ta Rima ya wuce ƙasar Wurno ya isa Sakkwato, inda ake tace shi a sha. Abin da aka wanke a magudanar ruwa a sama, wani ne zai yi alwala da shi a ƙasa, masunta kuma a cikinsa suke jefa koma. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da shirin bunƙasa aikin gona na jiha suna iya sa malaman gona su riƙa nuna gwajin awo a bakin fangali a farkon kowace damina da kowane rani, da ruwa zalla, a gaban jama'a. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ta dubi famfunan da ake shigowa da su, domin tankin da ke yoyo a bayan mutum bai fi jabun magani sauƙin haɗari ba. Kamfanonin magani kuma su rubuta awo da gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, tunda mafi yawan masu buɗe kwalbar ba Turanci suke karantawa ba.

A tsarin Musulunci, duba mudu da sikeli a kasuwa na cikin aikin hisba, kuma mu mutanen ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a Wurno a 1837, mun tashi muna jin gargaɗin malamai a kan tauye mudu. Famfon feshi sabon mudu ne da ya shigo hannunmu, sai dai wanda ake cuta idan awonsa ya karkace ba mai saye ba ne a kasuwa. Yaron da ya goya shi ne, da maƙwabcin da ke ƙasan iska, da mai shan ruwan gulbi, da shi kansa maigidan da ya biya kuɗin. Kafin a tambayi farashi a bana, a tambayi bakin ciyawa, a nemi ruwa a gwada, a tambayi kayan gyara, a kuma ɗaga tankin cike a ji nauyin da za a ɗora wa ɗan wani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiyar da manomi zai shiga gonarsa ba tare da waige ba.